Mutumin da Ya Janye Gaisuwarsa

Akwai wani mutum a wata ƙasa, ma'aikaci ne a tashar wutar lantarki ta nukiliya. Ku da ke bencin baya, kada ku yamutsa fuska don kun ji kalma mai nauyi. Ku saurara, labarin rijiya ne kawai. Tashar nan babba ce, tana gefen kogi, tana ba garuruwa da yawa haske, ba hayaƙi, ba toka. Amma wutar da ke cikinta tana barin wani irin dafi wanda dole ne a tsare shi a ciki. Dafin nan ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. In ya shiga ruwa, ruwan yana nan garau, ka sha ka ce madalla. In kaɗan ne ba ya kada mutum a yini ɗaya, amma in aka daɗe ana sha, yana ɓata jiki a hankali, ya fi kuma tsananta wa jarirai.

Saboda haka dokar ƙasar ta ce lalle a sa wanda zai riƙa yin awo. Aikin mutumin nan ke nan. Kowace Litinin da safe yakan ɗaure akwatin kwalabe a bayan babur ya zaga. Ya ɗebi ruwan kogi, ya yanki ciyawa, ya karɓi nono kaɗan a rugar da ke kusa, ya sayi kifi ɗaya a hannun masunta. Sa'an nan ya bi wasu ƙananan rijiyoyin gwaji guda uku da aka haƙa a jere tsakanin katangar tashar da ƙauyen da ke gangarenta, ya ƙarasa da babbar rijiyar ƙauyen wadda kowa ke sha. Ya kai duka ɗakin gwaji, na'ura ta ba shi lamba, ya rubuta. Ƙarshen wata ya haɗa rahoto ya aika wa hukuma. A kan takardar kuwa akwai wani jan layi. Doka ta ce, ranar da lamba ta haye jan layin nan, ba a jiran ƙarshen wata, a ranar za a faɗa.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, lamba ba ta ko kusanci layin ba. Sunansa Habila, amma a ƙauyen ba mai kiransa haka, Malam Kwalba suke ce masa. In ya wuce, maza a gindin mangwaro sukan ce, "Ga wanda ya dace da aiki! Ana biyansa ya ɗebi ruwan da ba zai sha ba, ba zai yi wanka da shi ba." Shi ma yakan yi dariya ya ɗaga musu hannu.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa, Mama Afiniki, gidanta na dab da babbar rijiyar. Kowace Litinin, da ya kafe babur, sai ya same ta a bakin rijiya da gugarta. Takan ce, "Sannu da zuwa, Malam Kwalba. Yaya ruwa?"

Shi kuwa ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Mama."

To, ku duka kun san wannan gaisuwa. Ta damina ce. Ko ruwan ya rushe maka katanga, ya tafi da kajinka, in aka ce maka yaya ruwa, ai cewa za ka yi ya yi gyara. Wa ya taɓa amsawa da wani abu dabam? Amma Mama Afiniki tana yi masa ita har a tsakiyar rani, lokacin da ko gajimare ɗaya babu a sama. Shi a zatonsa tsokana ce irin ta tsofaffi, tana zolayarsa da kwalabensa. Don haka yakan amsa da baki kawai, hannunsa na ɗaure igiya, hankalinsa na wani wuri.

Ana nan, wata Laraba, na'ura ta ba shi lambar rijiyar gwaji ta uku, wadda ta fi kusa da ƙauye. Ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Lambar ta haye jan layi. Ya ɗauko kwalba ta biyu da yakan ajiye don irin wannan, ya gwada, haka nan. Ya duba na'urar ko ita ce ta lalace, ya same ta lafiya ƙalau. Ya ɗauki takardar ya tafi ofishin manajan tashar.

Manajan ya daɗe yana kallon takardar, sa'an nan ya ce, "Rijiyar ƙauyen ita kanta fa?"

Habila ya ce, "Tana ƙasa da layi, yallaɓai. Amma ta ɗan motsa."

Manajan ya ce, "To, ka gani. Ba wanda zai mutu kafin Litinin. Mako mai zuwa mutanen hukuma za su zo sabunta mana izinin aiki. In wannan takarda ta riga su, za a tsayar da mu, a yi ta tono, gari ya ruɗe. Ni ban ce ka rubuta ƙarya ba, Malam Habila, Allah ya kiyaye. Ka bar gurbin lambar ba komai tukuna, ka sake ɗiba ranar Litinin. Wataƙila abin ya sauka da kansa."

Kada ku zaci manajan nan mugu ne mai jan ido. A'a, mutum ne mai fara'a, mai tambayar lafiyar iyali, tsoro ne kawai ya kama shi. Habila kuwa yana da 'ya'ya huɗu a makaranta, ya kuma san wanda ke sa hannu a takardar aikinsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, yallaɓai." Ya koma ya bar gurbin ba komai. Kwana biyar tuwo ba ya masa daɗi, matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce gajiya ce kawai.

Litinin ta zo, ya ɗaure kwalabe ya fita. Da ya iso babbar rijiya, ya sami Mama Afiniki da jarkoki shida a jere, fuskarta cike da murna. Surukarta ta haihu, mace aka samu, ranar Alhamis za a yi suna. Ruwa take tarawa na wankan jego, da na kunun kanwar mai jego, da na kunun zaƙin da za a raba wa jama'a.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Kwalba. Yaya ruwa?"

Kafin zuciyarsa ta yi motsi, bakinsa ya riga ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Mama."

Ya yi mata barka, ya cika kwalabensa, ya koma wurin babur yana ɗaure akwati. Sai ga wata maƙwabciyarta, sabuwar zuwa ce a ƙauyen, ta tsaya da bokitinta tana jan ƙafa. Ya ji ta ce, "Mama, ni fa har yau tsoron ruwan nan nake yi, ga wannan tasha a kanmu."

Mama Afiniki ta ce, "Ɗebi abinki, 'yata. Ba ki ji da kunnenki ba? Malam ya ce ya yi gyara. Ni ba na karatu, takardar da suke mannawa a ƙofar mai unguwa ba ta amfane ni da komai ba. Shi ya sa kowace Litinin nake tsare shi a nan. Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa cika randar mako ba sai na ji daga bakinsa."

Jama'a, igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ashe ba tsokana ba ce! Ashe duk shekarun nan rahoto biyu yake bayarwa, ɗaya a takarda, ɗaya a bakin rijiya, shi kuwa na takardar kaɗai ya sani. Na takardar ya bar gurbinsa ba komai, yana ta lallashin kansa cewa bai yi ƙarya ba. Na bakin rijiyar kuwa yanzun nan ya cika shi, da abin da ba gaskiya ba ne, ga tsohuwa tana zuba shi a jarka za ta kai wa mai jego.

Ya hau babur, ya tayar, har ya yi tafiya kamar daga nan zuwa ƙofar coci. Sai ya tsaya. Kunya ta rufe shi, tsoro kuma bai sake shi ba, amma ya juya babur ya dawo.

Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, na zo in janye gaisuwata."

Ta saki baki. "Ka janye me? Malam, lafiyarka kuwa? Ana janye gaisuwa?"

Ya ce, "Ruwa bai yi gyara ba, Mama."

Matan da ke wurin suka dubi juna, gama tun da aka haife su ba su taɓa jin an amsa haka ba. Mama Afiniki ta jawo guga ta miƙa masa a fuska ta ce, "Dubi! Garau yake kamar kullum. Me ya same shi?"

Ya bayyana mata da kalmomi masu sauƙi. Ya ce dafin tashar ya sami hanya ta ƙarƙashin ƙasa, ya kai rijiyar gwaji ta uku, ya fara taɓa tasu kaɗan. Ya ce abin da suka sha bai kai na cutarwa ba tukuna, amma yana tahowa, ido kuma ba zai taɓa ganinsa ba.

Ta ce, "Yau ka sani?"

A nan ne fa abin ya fi wuya, don da ya ce i, ba wanda zai kama shi. Ya ce, "Tun Laraba, Mama."

Ta lissafa da yatsunta, ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Tun Laraba. Alhamis yarinyar nan ta haihu, da ruwan nan na dama mata kunu. Kai, Habila, kai!" Ranar ce ta fara kiransa da sunansa, ya kuwa fi masa zafi da a ce ta zage shi. Ta kama jarkokin nan shida, ɗaya bayan ɗaya, ta tuntsurar a ƙasa.

Daga nan ya zarce tasha, ya cika gurbin da lambar gaskiya. A ƙarƙashinta ya rubuta da hannunsa cewa tun Laraba ya gani, ya yi jinkirin kwana biyar. Ya aika wa hukuma, sa'an nan ya shiga wurin manaja ya gaya masa ido da ido. Manajan ya dafe kai ya ce, "Ka kashe mu." Habila ya ce, "Yallaɓai, wata tsohuwa ce ta tambaye ni, ban san tambaya take yi ba sai yau."

Kashegari mutanen hukuma suka iso. Aka rufe rijiyar da murfin ƙarfe aka sa kwaɗo, tankar ruwa ta fara zuwa ƙauyen safe da yamma. Aka tsayar da wani sashe na tashar, aka yi ta tono har aka sami wani tsohon bututu da ya tsage, tsagewar ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba. Aka ɗauke manajan daga wurin. Habila ma bai tsira ba, an ba shi takardar gargaɗi saboda kwana biyar ɗin nan, ya karɓa da hannu biyu. A ƙauye kuwa an ji haushinsa. Mata suna bin layin tanka cikin rana suna tsaki, masu lambu suka kai alayyafo kasuwa aka ƙi saya. A gindin mangwaro aka daina yi masa dariya, aka daina amsa masa sallama ma.

Likitoci suka gwada mai jego da jaririyar da sauran mutanen ƙauyen, aka same su lafiya. Masana suka ce da abin ya kai damina, ruwan sama ya tura shi gangare, da ya cika babbar rijiyar, da kuma an daɗe ana sha ba a sani ba.

Ranar Alhamis aka yi suna da ruwan tanka. Kunun zaƙin yana ɗan warin ƙarfe, wasu suka kurɓa suka ajiye. Da fasto ya tambayi sunan yarinya, uban ya dubi mahaifiyarsa Mama Afiniki, ita kuwa ta ce, "Godiya." Wani ya yi gunaguni ya ce, rijiya a kulle, kunu ba daɗi, godiyar me? Mama Afiniki ta ji shi, ta ce, "Na yi fushi da mutumin nan, fushin bai gama sauka ba ma. Amma na ga ya tafi, na kuma ga ya juyo. Da ya wuce abinsa, wa zai sani? Allah ya ba mu mutumin da ya iya janye gaisuwarsa, ni kam na gode."

Habila ya ci gaba da zuwa kowace Litinin, yana buɗe kwaɗon, yana ɗiba, yana rufewa. Mama Afiniki kuma ta koma tsare shi. Ta ce, "Yaya ruwa?" Ya ce, "Da saura, Mama." Mako na gaba, "Da saura, Mama." Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, amsar ba ta sake ba.

Sai wata Litinin, bayan wata goma sha biyar, ya iso tare da mutumin hukuma, suka cire kwaɗon gaba ɗaya. Mama Afiniki na tsaye, Godiya na riƙe da bakin zanenta, ta fara tafiya. Tsohuwar ta ce, "Malam Kwalba, yaya ruwa?" Ya san amsar sarai, amma sai da ya zaro takardar daga aljihu ya duba, sa'an nan ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Mama." Ta zura guga, ta jawo, ta sha, ta ba yarinyar a tafin hannunta. Ta rangaɗa guɗa har mazan gindin mangwaro suka taso.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: kowannenmu tasha ne. Allah ya sa mana ƙarfi a ciki don mu ba mutane haske, amma a cikin zuciyar nan akwai abin da in ya tsiyaya, yana cutar da na gangarenmu. Zunubi ba ya zuwa da launi ko wari. Mutum yana iya tsiyayarsa wata da watanni, ya zo sujada da farar riga garau, ya ja waƙa, kowa ya ce madalla. Shi ya sa ake awo. Addu'ar da kake yi kana bincika kanka gaban Ubangiji, ita ce kwalabenka. Za ka yi shekaru kana yi, ka ga kamar aikin banza ne, har a yi maka dariya. Saboda rana ɗaya ake yin ta, ba ka kuwa san wace rana ba ce. Muryar manajan nan kuma duk mun san ta, ba ta taɓa ce maka ka yi ƙarya, cewa take ka bari sai Litinin.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gaisuwar. Kada wani ya fita daga nan ya je kasuwa, a ce masa ina kwana, ya tsayar da mutum ya fara jero masa ciwon baya da na gwiwa, ya ce malamin Lahadi ne ya koya masa. Ban ce ba! Gaisuwa ado ce, mu riƙe ta. Sai dai a cikin masu gaishe ka akwai Mama Afiniki, wanda ba gaisuwa yake yi ba, tambaya yake yi, zai kuma cika randarsa da amsarka.

Ni da nake tsaye a gabanku na taɓa yi. Likita ya ce mini jinina ya hau, in rage gishiri. Na dawo gida, matata, ga ta can tana ɓoye fuska, ta ce, "Yaya asibiti?" Na ce, "Lafiya lau." Wata uku baiwar Allah tana zuba mini gishiri da man ja a miya da zuciya ɗaya, saboda ta gaskata bakina. Ranar da jiri ya kada ni a gona ta gane, kukan da ta yi ba na ciwona ba ne kaɗai. Cewa take, "Ka mai da ni mai ba ka guba da hannuna." Har yau in na tuna, kunya nake ji. To, ɗanka in ya ce, "Baba, komai lafiya tsakaninku da Mama?" tambaya yake yi. Dattijon ikilisiya in ya riƙe hannunka bai saki da wuri ba ya ce, "Yaya zaman?" shi ma tambaya yake yi.

Duk da haka yau ban zo don tsawatawa ba, na zo don godiya. Mu gode wa Allah saboda masu yi mana awon abin da idonmu ba ya gani, waɗanda ba mu ko san sunansu ba. Mu gode masa saboda duk wanda ya taɓa ɓata mana rai da gaskiya, ya rufe mana rijiya muna tsaki, ashe ranmu yake tsarewa. In kana da irinsa, ka neme shi makon nan ka ce masa na gode. Fiye da duka, mu gode wa Ubangiji da yake karɓar rahoton da ya makara. Habila bai yi daidai tun farko ba, kwana biyar ya yi yana jin tsoro, har ya hau babur ya kama hanya. Amma da ya juyo, jinƙai ya tarye shi, yarinya ta rayu, rijiya ta warke. Almasihu bai ce sai marar laifi zai zo wurinsa ba, wanda ya juyo yake jira.

Ya Uba, mun gode maka don ruwan da muka sha yau ba tare da fargaba ba, da mutanen da ka sa su tsare mana shi. Mun gode da ba ka rufe ƙofa a kan mai makara ba. Amin.

Yanzu za mu tashi, za a yi gaishe-gaishe a ƙofa kamar kullum. Na san a cikinmu akwai wanda ya riga ya ce wa wani "ya yi gyara" a makon nan, alhali ya san lambar da ya gani tun Laraba. Ɗan'uwana, ba ka yi nisa ba tukuna, jarkokin suna nan a bakin rijiya ba a kai su gida ba. Juya babur.